Idan Majinyaci Ya Cika a Gida

A ƙasar Urafane, arewa da Tasawa, inda garuruwa suka warwatsu cikin jigawa har suka haɗa iyaka da na gundumar Mayahi, yawancin mutane ba a gadon likita suke cikawa ba. A ɗaki suke cikawa, kan tabarma ko gadon kara, a hannun matar da ta yi watanni tana jinya, ko ɗan da aka kira daga bida ya iso da sauran numfashi. Wasu an kai su Tasawa ko Maradi an dawo da su, don kuɗi sun ƙare ko don likita ya ce a koma gida a ci gaba da addu'a. Wasu kuwa nisan gari da rairayin hanya sun hana a ko ɗora su a amalanke. Da zarar salati ya tashi daga cikin gida, kowa ya san aikinsa ba sai an gaya masa ba. Samari su nufi maƙabarta da kayan haƙa, wani ya tafi saro itacen kabari, a aika sayen likkafani, a kira liman, mata su ɗebo ruwa. Wanda ya cika da hantsi, kafin la'asar an dawo daga kai shi, an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida ana karɓar gaisuwa.

Wannan gaggawa ba abin da za a kushe ba ce. Addini ya yi umarni da ita, yanayin ƙasa kuma ya gaskata ta: a watannin Afrilu da Mayu zafi yakan haura digiri 40, babu ɗakin sanyi a ƙauye, kuma babu mutuncin da za a yi wa mamaci da ya wuce a suturta shi kafin jikinsa ya sauya. Mutanen birane da yawa a duniya, waɗanda gawa ke kwana da kwanaki tana jiran takardu da kuɗin akwati, za su yi sha'awar yadda talakan Urafane ke samun jana'iza cikin yini guda ba tare da iyalinsa sun biya mai haƙa ko mai wanka ba. Abin da nake so in nuna shi ne, a cikin wannan hanzari akwai saƙo biyu da suke faɗuwa ƙasa kusan kullum, kuma babu ɗayansu da zai jinkirta kai mamaci makwancinsa. Na farko na ma'aikacin lafiya ne, ana aika shi kafin a zuba wa gawa ruwa. Na biyu na mai gari ne, ana kai shi bayan an dawo daga kabari. Mamaci ba ya bukatar ko ɗaya daga ciki. Waɗanda ya bari ne suke biyan kuɗin mantuwar, wani lokaci da dukiyarsu, wani lokaci da rayukansu.

A fara da abin da mutane ba sa son a taɓa: tabbatar da cewa ran ya fita. Malaman Malikiyya da ake karanta littattafansu a zaurukan ƙasar Hausa ba su ɗauki wannan da wasa ba. Mukhtasar na Shaihu Khalil, a daidai wurin da ya ce a gaggauta shirya mamaci, ya togace wanda ruwa ya ci, masu sharhi kuma suka haɗa da wanda aradu ta faɗa wa, da wanda gini ya danne, da wanda ya yanke jiki ya faɗi farat ɗaya. Dalilinsu shi ne irin waɗannan kan yi kama da matattu alhali da rai a jikinsu. Ilimin likita na yau ya ƙara tsawon wannan jeri. Mai ciwon sukari da sukarinsa ya yi ƙasa ƙwarai yakan faɗa doguwar suma, jikinsa ya yi sanyi. Yaron da zazzaɓin cizon sauro ya hau masa kai yakan sandare bayan jijjiga. Wanda ya sha ko ya shaƙi maganin ƙwarin gona numfashinsa yakan yi rauni har a kasa ganinsa. Mai amai da gudawa kuwa, idan ruwan jikinsa ya ƙare, idanu sukan faɗa, hannu ya yi sanyi, a taɓa jijiyar wuyan hannu a ji shiru, amma ƙarin ruwa cikin gaggawa yana iya tayar da shi zaune. Tsohon da ya shekara yana kwance, numfashinsa ya yi ta ja da baya a gaban kowa har ya tsaya, ba a cika samun ruɗani a kansa ba. Ruɗanin yana wajen mutuwar da ta zo da sauri. A nan ne ya kamata a dakata, a kasa kunne a ƙirji, a taɓa gefen wuya, a haska fitila a ido a ga ko ƙwayar tana motsi, sannan a kira wanda ya san aikin. Jiki yakan fara sandarewa bayan 'yan sa'o'i, daga muƙamuƙi da wuya, kuma lokacin da ake ɗauka wajen haƙa kabari da ɗinka likkafani ya isa a ga wannan alama.

Kiran ba shi da wuya yanzu kamar da. Wayar salula ta shiga garuruwan da mota ba ta shiga, kuma akwai majo, wato babban ma'aikacin jinya, a likitar gari, akwai ma'aikacin ƙaramin ɗakin shan magani, akwai 'yan sa-kan lafiya da ke zaune cikin jama'a. Ko ma'aikacin bai samu zuwa ba, tambayoyi uku ko huɗu ta waya sun isa ya san irin mutuwar da ake magana a kai: kwana nawa ya yi yana ciwo, ya yi gudawa kamar ruwan shinkafa, wuyansa ya sanƙare, jini ya fita ta hanci ko baki, akwai wani a gidan da ya fara irin ciwon? Kafin amsa ta zo, iyali na iya yin duk abin da sunna ta koyar: a rufe masa ido, a ɗaure haɓa da ƙyalle kada baki ya buɗe, a lanƙwasa gaɓoɓi a miƙe su a hankali don wanka ya yi sauƙi, a ɗaga shi daga ƙasa, a lulluɓe shi, a fitar da yara daga ɗakin. Sauran maganin da ya bari kada a raba wa wani mai irin ciwon don tausayi. A tattara shi da katin likita a ajiye wa ma'aikacin.

Ya kamata a faɗi gaskiya a nan, don kada a tsorata mutane a banza: mafi yawan gawarwaki ba su da haɗari ga mai wanka. Wanda hawan jini ya kashe, ko shanyewar ɓarin jiki, ko ciwon daji, ko zazzaɓin cizon sauro, ko tsufa, a wanke shi yadda aka saba, da ruwa da ganyen magarya, a sa kafur a wankin ƙarshe, mai wanka ya naɗe hannunsa ko ya sa safar hannu, ya wanke da sabulu in ya gama. Haka ma mai ciwon sida. Safar hannu ta wadatar, kuma gudun gawarsa zalunci ne da ba shi da tushe a ilimi. Cututtukan da ke bin gawa kaɗan ne, amma ɗaya daga cikinsu tsohuwar baƙuwa ce a jihar Maradi. A watan Yulin 2018 kwalara ta ɓarke a gundumar Madarunfa, ta kama mutum sama da 3,000 a ƙasar kafin a shawo kanta. A 2021 ta dawo, ta kama sama da 5,000, kuma Maradi ce ta fi jin jiki. Ƙwayar wannan cuta tana nan da ranta a cikin hanjin mamaci da tufafinsa da tabarmarsa. Mai wanka yana matsa cikin gawa a hankali don abin da ya saura ya fita, kamar yadda fiƙihu ya koyar. Ruwan ya gangara tsakar gida. Matar da ta wanke zannuwan jinya ita ce za ta dama wa masu gaisuwa fura. Mutane ɗari su sha ruwa a kwano ɗaya, su yi musabaha, su koma garuruwansu. Ta haka gidan makoki ɗaya kan haifi makoki biyar a mako guda. Ma'aikacin lafiya da aka gaya wa da wuri zai zo da ruwan Javel mai kashe ƙwayoyin cuta da aka haɗa daidai ƙarfin da ake bukata, ya nuna a toshe kafofin jiki da auduga, a rage masu taɓa gawa, a haƙa rami a zuba ruwan wanka nesa da rijiya da tabki, a hana wanda ya yi jinya ko wanka taɓa abincin jama'a a ranar.

Na san abin da dattijo zai ce: in aka kira likita, za su ƙwace mana gawa, su naɗe ta a leda, su hana mu yi mata sutura irin ta Musulmi. Wannan tsoro ba daga iska ya faɗo ba. A farkon annobar Ebola da ta kashe mutum sama da 11,000 a Gini da Laberiya da Saliyo tsakanin 2014 da 2016, an riƙa ɗauke gawarwaki ba tare da shawarar iyali ba, mutane suka koma ɓoye matattunsu suna wanke su cikin dare, cutar ta ƙara yaɗuwa. Amma darasin da aka koya daga can yana goyon bayan dattijon ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta zauna da malaman Musulunci da na Kirista, ta fitar da ƙa'idar binnewa da ta tanadi likkafani, da sallar gawa, da halartar dangi, da taimama a inda wanka ke da haɗari. Fiƙihu da kansa ya san taimamar mamaci tun da daɗewa, a inda babu ruwa ko babu wanda ya halatta ya yi wankan. Kwalara ma ba ta kai Ebola tsanani ba. Ana yi wa mai ita sallah da kabbara huɗu, a sa shi a lahadu yana fuskantar alƙibla kamar kowa. Abin da ya wajaba ga ma'aikacin lafiya shi ne ya shiga gidan mutuwa da sallama da gaisuwar ta'aziyya, ya nemi liman kafin ya buɗe jakarsa. Wanda ya shigo da tsawa da umarni, shi ne ke koya wa gari ɓoye mutuwa ta gaba.

Akwai kuma masu cewa kwana ne ya ƙare, ciwon ajali ba shi da magani, to binciken me za a yi? Babu Musulmin da ke jayayya da ajali. Sai dai sanin sanadi bai taɓa zama jayayya da ƙaddara ba. Lokacin da Sayyidina Umar ya nufi Sham aka ba shi labarin annobar da ake kira ta Amwas, ya juya da mutanensa, kuma da aka tambaye shi ko gudun ƙaddara yake yi, ya nuna cewa komawar ma cikin ƙaddarar Allah take. Tambayar abin da ya kashe mutum ba don a dawo da shi ake yin ta ba. Magidancin da ya yi wata shida yana tari yana ramewa har ya cika, gawarsa ba ta da wani haɗari sosai, amma matarsa da 'ya'yan da suka kwana ɗaki ɗaya da shi suna bukatar a duba su, kuma maganin tarin fuka kyauta ake ba da shi a Nijar. Yaron da ya rasu da sanƙarau ko ƙyanda a lokacin bazara, labarinsa ne zai sa a san cutar ta shigo gari, a kawo rigakafi tun ba ta ci unguwa ba. Matar da jini ya tsinke mata bayan haihuwa a gida, in an rufe ta an yi shiru, babu wanda zai tambayi me ya hana ta isa likita, kuma maƙwabciyarta mai ciki wata takwas za ta bi hanya ɗaya da ita.

Saƙo na biyu ya fi sauƙi, shi ya sa mantuwarsa ta fi ban takaici. Dokar rajistar jama'a ta Nijar, mai lamba 2019-29 ta ranar 1 ga Yulin 2019, ta ba iyali kwana 60 su bayyana mutuwa, kuma bayyanawar kyauta ce. Ba sai an je birni ba: an tsara wuraren bayyanawa a garuruwa, a wajen mai gari, da kuma a gidajen likita, daga nan takardar ta wuce ma'aikatar magajin gari ta ƙaramar hukumar, inda ake fitar da takardar mutuwa. Abin da ake bukata sunan mamaci ne, da na iyayensa, da ranar da ya cika, da inda ya cika, da wanda ya kawo labarin. In kwana 60 suka wuce, sai an bi ta gaban alƙali ya yanke hukuncin da zai tsaya a madadin bayyanawar, wato tafiya Tasawa ko Mayahi da shaidu, da kuɗin mota, da kwanakin aikin gona da za a rasa. Kwana 60 ya wuce zaman makoki, ya wuce sadakar bakwai, ya wuce ta arba'in ga masu yin ta. Babu wanda ya ce a bar gawa a kwance a tafi neman hatimi.

Amsar da aka fi ji ita ce takarda ta ma'aikata ce, mu manoma me za mu yi da ita? Da haka ne a zamanin kakanni, lokacin da dukiyar mutum rumbu ce da garke da gonar da kowa ya san iyakarta. Yau ɗan Urafane yana Agadas, yana wajen haƙar zinariya, yana Libiya ko Kano, yana da ajiya a banki ko a asusun ƙungiya, yana da ɗa a soja ko a lakwal. Banki ba ya sakin kuɗin mamaci sai da takardar mutuwa da ta shaidar magada. Asusun fanshon ma'aikata na CNSS ba ya biyan matar ma'aikaci da marayunsa da baki. Inda ake biyan harajin kai bisa katin iyali, sunan da ba a soke ba yakan ci gaba da zama nauyi a kan mai gida. Mafi muhimmanci kuma, ƙasar noma a jihar Maradi ta yi wa jama'a kaɗan, gonaki suna ta tsagewa gida-gida, kuma wanda ya fi rauni shi ake fara turewa: matar da ke takaba wata huɗu da kwana goma ba ta fita, da yaran da ba su kai su yi magana a gaban baffanninsu ba. Bayan shekara goma sha biyar, idan maraya ya girma ya zo neman rabon ubansa, tambayar farko ita ce wa ya riga wa mutuwa, uban ko kakan, domin a shari'a wannan kaɗai na iya sauya rabon gado gaba ɗaya. Dattawan da suka sani sun tafi, waɗanda suka rage kowa na tuna abin da ya fi masa amfani. Layi ɗaya a littafin mai gari yana kashe wannan gardama tun ba a haife ta ba.

Rubutun ba baƙon abu ba ne ga addini. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka. Tsarin dukiyar mamaci ma a jere yake: kuɗin sutura, sannan bashi, sannan wasiyya da ba ta wuce sulusi ba, sannan gado. A nan zan faɗi abin da wasu ba za su so ji ba. Malamai sun daɗe suna saɓani a kan sadakar uku da bakwai da arba'in, musamman tun da Izala ta yi ƙarfi a yankin, kuma ba ni ne zan raba wannan gardama ba. Amma ko wanda ya fi kowa riƙo da sadakar ya san ba ta halatta daga haƙƙin maraya. Gidan da ya sayar da akuya da tumaki wajen jinya, sannan a buɗe rumbun da ya rage a ciyar da baƙi kwana bakwai, ko a jinginar da gona don a fita kunya, ya ci abincin damina na yaran da aka bari. Lokacin da labarin rasuwar Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya iso Madina bayan yaƙin Mu'uta, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umarni a dafa wa iyalin Ja'afar abinci. Daga waje tuwo ke shigowa gidan mutuwa. Kuma tun ana zaman makoki, kafin dangin nesa su watse, ya dace a zauna gaban liman da mai gari a rubuta abin da mamaci ya bari: gonaki da iyakokinsu, wadda ke hannun jingina da wadda aka ba da aro, dabbobin da ke wajen makiyayi, damman hatsi, bashin da ake binsa da wanda yake bi. A ƙarƙashin dokar karkara ta 1993 an kafa kwamitocin filaye har zuwa matakin gari don irin wannan shaida, kuma takardarsu ta fi rantsuwar bayan shekaru ƙarfi.

Ba iyalai kaɗai ke da laifi ba, kuma rashin adalci ne a ɗora musu duka. Inda littafin bayyanawa ya cika ba a kawo sabo ba, ko mai rubutun ya yi watanni bai ga ladansa ba, ko takarda ta kwana shekara a ma'aikatar magajin gari ba ta dawo ba, mutane sukan yanke ƙauna, kuma suna da hujja. Nijar ta nuna tana iya wannan aiki in ta sa kanta: binciken lafiyar jama'a na 2012 ya samu kashi 64 cikin ɗari na yara 'yan ƙasa da shekara biyar an yi rajistar haihuwarsu, saboda an haɗa ta da awon ciki da rigakafi da shiga lakwal. Mutuwa ba ta samu irin wannan kulawa ba, kaɗan ƙwarai ake rubutawa. Shi ya sa da hukuma ta so sanin abin da ke kashe yara, sai da ma'aikatan ƙididdiga suka bi gida-gida suna tambayar uwaye yadda ciwon ya faro da yadda ya ƙare, shekaru bayan an rufe yaran. Ƙasar da ba ta san yawan matattunta da sanadinsu ba, da ka take raba magani da ma'aikata, kuma garin da ba ya cikin lissafi, irin na can cikin jigawar Urafane, shi ne na ƙarshe a rabon.

Saura tambayar wa zai ɗauki saƙon. Ba matar mamaci ba ce, ba kuma ɗansa da ke amsa "ya haƙuri" daga safe zuwa dare ba. Kamar yadda gari ya san mai haƙa da mai wanka da mai ɗinka likkafani, haka ya kamata ya san mai waya da mai takarda: ƙane, ko maƙwabci, ko malamin lakwal, wanda lambar majo ke cikin wayarsa kuma ya san ƙofar mai gari. Wurin sanar da shi ma yana nan tun da. A bakin kabari ko a ƙofar gida, bayan addu'a, akan tashi a ce duk wanda ke bin marigayi bashi, ko marigayi ke binsa, ya zo ya ga wane. Liman na iya ƙara magana ɗaya a kan wannan: takardar marigayi tana hannun wane, zai kai ta wajen mai gari kafin sadakar bakwai.